Ƙwayar da Ta Ji Bangon Dada Yana Karkata

Akwai wani hantsi na tsakiyar damina da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun ɗan ja, jaririyar da aka haifa a wannan makon yanzu da kanta take saka takalmi ta tafi makaranta, amma ni kam idan na rufe ido ina jin ƙarar nan a kunnena kamar yau aka yi.

Gidanmu a bakin kwari yake. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san abin da wannan magana take nufi. Lokacin da muke yara, kwarin nan wani ɗan rami ne da muke tsallakewa da ƙafa idan an aike mu. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, ba ta da riƙo. Kowace damina ruwa ya zo ya yanki rabonsa ya tafi, har ramin ya zama abin da idan ka tsaya a bakinsa ka leƙa sai ka ji jiri. Maza sun jera buhunan yashi, sun jibga tsofaffin tayoyi, ruwa ya kwashe su kamar ba a yi ba.

Ɗakin da ya fi kusa da kwarin shi ne na mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada. Ni ce babbar 'yarta, kuma tun da maigidana ya rasu na dawo gida ina zaune da ita, ina ɗinkin kayan mata a ɗakina na kusa da zaure. Babu irin roƙon da ba mu yi mata ba a kan ta dawo ɗakin gaba. Amsarta ɗaya ce kullum: a ɗakin nan aka kawo ta, a nan mijinta ya cika, kuma bulo da siminti ne ba jar ƙasa ba. Idan aka matsa mata sai ta ɗauki carbi, magana ta ƙare ke nan.

Autanmu shi ne ya fi kowa damuwa. Mun saba ce masa Auta, amma magidanci ne da matarsa da 'ya'yansa, yana da shagon gyaran waya a unguwar Jekadafari. Mutum ne mai son tone-tone tun yana ƙarami. Babu rediyon gidanmu da bai buɗe cikinta ba.

Wata rana na kai masa wayata saboda ta daina juya hoto. Da, idan na kwantar da ita don in ga ɗinkin da aka turo mini da kyau, hoton yakan juya ya cika fuskar wayar, sai kawai ta daina. Ya karɓa ya buɗe, ya sa ta ƙarƙashin madubin nan nasu mai ƙara girman abu, ya kira ni Adda, wato babbar yaya, ya ce, "Kin taɓa tambayar kanki yadda wayar nan take sanin an kwantar da ita?"

Na ce, "Ni ina ruwana, ka gyara mini kawai."

Ya yi dariya ya ce in zo in leƙa. Na sa ido a madubin, ya nuna mini da bakin hantsaki wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu. Da na ɗago na duba da idona, da ƙyar na gan shi. Bai fi ƙwayar gero ba. Ya faɗi sunansa na Turanci, akselaromita, na maimaita har sau nawa harshena bai kama ba.

Ya ce, "Wannan da kike gani, ya san inda ƙasa take. A cikinsa akwai wani ɗan nauyi da aka rataye da zaren da ya fi gashi siriri, gefensa da haƙora kamar na mataji, sun shiga tsakanin wasu haƙoran. Kin san ƙasa tana jan komai zuwa gare ta. To idan kika karkata wayar, sai ɗan nauyin ya ɗan gusa, haƙoran su matsa kusa da juna, shi kuma ya auna gusawar ya gaya wa waya. Ko da madubin nan ba za ki ga cikin ba, ni ma a hoto na gani."

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "A cikin wannan ɗan abin? Wa ya sassaƙa matajin?"

"Mutane ne, Adda. Kuma abin da ya fi burge ni, kusan ba ya cin wuta. Barcin zomo yake yi. Yana kwance shiru, amma da an motsa shi ya farka."

A gaskiya na yi mamaki a ranar, amma irin mamakin nan ne da ake yi a tashi a manta. Na karɓi wayata na shiga kasuwa neman zare. Ban san cewa maganar ta ci gaba da yawo a kansa ba.

Kafin ruwan farko na wannan shekarar sai ga shi ya zo gida da wata robar sabulu a hannu. Ya buɗe ya nuna mana: wani ɗan koren allo da irin ƙwayar nan a tsakiya, batir irin na rimot, da 'yar ƙararrawa. Ya ce zai kafa a bangon Dada na baya, wanda ya ba kwari baya. Idan bangon ya fara karkata, ko da karkatar da ido ba ya gani ce, abin zai yi kuka. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ruwansa da an kawo ko an ɗauke, batirin zai kai shi ƙarshen damina har ya yi saura.

Dada ta dube shi ta dubi robar. Ta ce, "Yanzu robar sabulu ce za ta yi gadina? Allah ne mai tsarewa."

Ya ce, "Haka ne, Dada. Shi ne kuma ya ba mu dabara."

Ta ƙyale shi ne kawai don shi auta ne, ba ta iya yi masa musu mai tsawo. Ya hau kujera ya ɗaure abin a can sama kusa da rufi, ya tafi.

Makon farko mun sha wahala. Maƙwabciyarmu ta jingina turmi da katanga tana daka, abin ya fasa ihu. Babbar mota ta wuce ta layin gaba, ya fasa ihu. Dada ta raɗa masa suna Sarkin Tsegumi, ta ce idan Auta bai zo ya cire shi ba za ta sa muciya ta sauko da shi. Ya zo ya sauke, ya tafi da shi shago, ya dawo da shi bayan kwana biyu. Ya ce mini, "Laifina ne. Girgiza daban, karkata daban. Yanzu na koya masa ya ƙyale abin da ya girgiza ya koma wurinsa. Sai bangon da ya gusa bai dawo ba zai yi wa kuka. Idan karkatar kaɗan ce zai riƙa yi jefi-jefi, idan tana ƙaruwa zai riƙa sauri."

Daga nan shiru. Aka yi ruwa, aka yi iska, bai ce uffan ba. Gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Ni har na ɗauka batirin ya mutu, kuma ban damu in tambaya ba.

A cikin wannan daminar ce 'yata ta fari ta dawo gida goyon ciki, ta haifi mace. Da yake Dada ce ta san kan wankan jego, kuma ba ta yarda da hannun kowa ba, sai ta ce mai jego da jaririya a ɗakinta za su zauna. Aka shimfiɗa musu a babban gadonta na ƙarfe, wanda yake jingine da bangon baya, ita kuma ta koma katifa a ƙasa.

Ranar da abin ya faru ko suna ba a yi ba. An kwana biyu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma a wannan safiyar gari ya washe tas. Rana ta fito, kowa ya baza shanya, kaji suna ta tone-tone. Mun gama wanka da ganyen darbejiya, mai jego tana shan kunun kanwa a bakin gado, wasu mata 'yan barka suna zaune a tabarma ana ta hira. Ni ina tsakar gida ina wanke kayan jaririya.

Sai na ji "ƙit". Shiru. Can kuma "ƙit".

Na ɗauka tsuntsu ne. Sai da na ji muryar Dada tana cewa, "To, Sarkin Tsegumi ya tashi daga barci," matan suka kwashe da dariya, sannan na gane. Na shiga ɗakin hannuna duk kumfa. Na dubi bangon sama da ƙasa. Babu tsaga, babu danshi, kalandar da ke rataye ko motsi ba ta yi. Bango dai kamar kullum.

Na fito na kira Auta. Ina jin hayaniyar shagonsa ta cikin waya. Ya ce, "Ana daka a kusa?" Na ce a'a. "Mota ta wuce? Wani ya taɓa shi?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce in kara wayar a ƙofar ɗakin ya ji. Na kara. Da na mayar kunnena sai na ji muryarsa ta sauya gaba ɗaya.

"Adda, ki fitar da su. Kowa da kowa. Yanzu, kada ki tsaya ɗaukar komai. Ga ni nan zuwa."

Matan barka ba su yi gardama ba, suna ganin fuskata suka tattara mayafansu. Mai jego ta miƙe tana kallona tana kallon kakarta. Dada kuwa ta gyara zama a kan katifa. Ta ce, "Babu inda za a kai ɗanyen jego a wannan sanyin ƙasa. Rana tsaka, ko ɗigon ruwa babu, a ce ɗaki zai faɗi? Ku hau ku cire masa batir."

Na roƙe ta. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ɗauki carbi.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa yin irinsa ba a rayuwata, don ni ba a yi mini tarbiyyar tsallake maganar uwa ba. Na miƙe na je gadon, na sunkuci jaririyar da zanin da take ciki, na fice. Uwar ta biyo ni da sauri. Ban kai tsakiyar gida ba na ji Dada a bayana, ta taso ko takalmi babu, tana faɗa: "Ke! Kina da hankali kuwa? Yarinyar da ko cibiya ba ta faɗi ba za ki fitar mini a iska? Kawo ta nan!" Na ci gaba da tafiya har ɗakina na gaba. Ta biyo ni har ciki ta karɓe jaririyar ta rufe ta da mayafinta. Ni kuma na koma na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya.

Auta ya iso a kan acaɓa, ko hular da ke kansa ta karkace. Ya tsaya daga ƙofar ɗakin Dada yana sauraro, bai shiga ba. Sannan ya zagaya ya gaya wa maƙwabtan da katangarsu ta haɗu da tamu su janye yara da awaki daga baya. Ya so ya leƙa gindin bangon ta wajen kwari, na riƙe rigarsa na ce wallahi ba zai je ba.

Daga nan sai jira. Wannan jiran shi ne abin da ya fi mini wuya a ranar. Hantsi ya wuce, rana ta take, ɗaki yana tsaye ƙyam. Labari ya zaga layi, mutane suna leƙowa ta zaure suna tambaya, wasu suna murmushi. Na ji wani dattijo a waje yana cewa yaran zamani sun mayar da waya malamin duba. Dada tana ɗakina tana jijjiga jaririya, ba ta kallona, sai dai lokaci-lokaci ta ce, "Har yanzu bai faɗi ba?" Kunya ta fara kama ni. Na fara tunanin yadda zan ba ta haƙuri da yamma.

Na je na sami Auta a gindin bishiyar tsakar gida na ce masa a hankali, "Anya ba lalacewa ya yi ba?"

Ya ce, "Zai iya yiwuwa, Adda. Ni ma ban taɓa ganin ya yi aikin gaske ba. Amma saurara." Na saurara. Ƙarar da ɗazu sai ka ja numfashi kafin ta sake, yanzu ta koma kamar bugun zuciyar wanda ya yi gudu. Ya ce, "Da lalacewa ce da ba zai riƙa ƙara sauri a hankali haka ba. Wani abu yana tafiya."

Sai kuma ya nuna mini ƙofar ɗakin. Ƙofar ƙarfe ce, Dada ta bar ta a rabin buɗe da ta fito. Muna kallo, babu iska, babu kowa kusa, ta tafi a hankali da kanta har ta buɗe gaba ɗaya ta jingina.

Aka kira azahar. Dada ta miƙa wa mai jego 'yarta, ta fito ta ɗauki buta. Ta ce, "Wasan ya isa haka. A ɗakina zan yi salla, dardumata tana can." Auta ya ce zai kawo mata tabarma, ta ce ba ta so. Ta tsuguna a bakin rariya ta fara alwala, mu kuma muna tsaye mun rasa abin yi. Na san idan ta idar babu mai iya tare ta, sai dai a riƙe ta da hannu, kuma cikinmu babu wanda zai iya.

Ta wanke fuska, ta wanke hannu. Tana shafar kai sai kukan abin ya haɗe ya zama ɗaya, dogo, babu yankewa.

Ban ji rugugi da farko ba. Abin da na ji kamar ana yaga sabon yadi ne, irin ƙarar da na sani a wurin aikina. Sai na ga haske a cikin ɗakin Dada, ta ƙofar nan da ta buɗe, hasken da bai kamata ya kasance a wurin ba. Bangon baya ya rabu da rufi. Na ga sararin sama shuɗi, na ga gidajen tsallaken kwari da shanyarsu. Bangon ya tsaya haka kamar mai shawara, sannan ya tafi ta baya gaba ɗayansa, da kalandar, da labule. Ƙasan ɗakin ta bi shi. Gadon ƙarfen nan ya ɗaga ƙafafunsa na gaba, ya zame, ya ɓace. Sai a lokacin ƙarar ta iso, ƙasa ta girgiza a tafin ƙafata, kwanon rufi ya lanƙwaso yana kuka.

Salati ya tashi ta ko'ina a layin. 'Yata ta fito ƙofa da jaririya a ƙirji, ta ga inda gadon yake ɗazu, ta zauna a dokin ƙofa. Ni kuwa ko kuka ban iya ba.

Da ƙura ta lafa, mutane suka yi shiru, sai muka ji wani abu. Can ƙasa, daga cikin kwari, ƙarƙashin bulo da yashi, siririyar ƙarar nan tana ci gaba. Abin ya tafi tare da bangon, kuma bai daina faɗa ba. Wallahi wannan ne ya karya mini zuciya. Maza manya suna tsaye suna sauraron robar sabulu tana kuka a cikin rami.

Dada tana nan tsugune da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallon ɗakin da ta yi kusan duk rayuwarta a ciki. Sannan ta gyara butar, ta shafi kunnuwa, ta wanke ƙafafu, ta ce, "A ba ni tabarmar." Ta yi sallarta a tsakar gida. Sujadarta ta ƙarshe ta yi tsawo har na fara tsorata.

A ranar muka kwashe abin da ya saura muka koma gidan goggonmu a Shamaki, a can aka yi suna. Daga baya masu sani suka duba suka ce ruwan kwanakin nan ne ya bi ta ƙarƙashi ya cinye gindin ginin, ya bar sama lafiya ƙalau. Ɗakin a kan iska yake tsaye tun safe, muna ciki muna shan kunu.

Bayan suna Dada ta aika a kira Auta, ta ce ya zo mata da irin ƙwayar. Ya kawo ɗaya a cikin 'yar leda, ya juye mata a tafin hannu. Ta kai hannun kusa da idonta, ta nisantar, ta sake kusantarwa. Ta karkata tafin a hankali hagu da dama.

Ta ce, "Yanzu haka yana ji?"

Ya ce, "Idan an ba shi wuta kaɗan, yana ji, Dada."

Can ta ce, "Ni na kwana a jikin bangon nan shekara da shekaru, bayana yana jingine da shi, ban ji komai ba. Wannan da kaza za ta tsince ta haɗiye, shi ya ji." Ta girgiza kai. "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam. Idan abin da bawa ya ƙera ke nan, ina ga abin da Ubangijin bawan ya sani?" Ta mayar masa da ƙwayar da hannu biyu, kamar mai miƙa ƙwai. Ta ce masa useko, godiyar da a Fulatanci take yi wa manya, ban taɓa jin ta yi wa ɗan cikinta ba. Ni kuma ba ta ce mini komai ba game da ɗaukar jaririyar, har ta bar duniya. Sai dai tun daga ranar, idan za a yanke wata shawara a gidan, takan ce a jira in zo.

Abin da na koya shi ne, bango ba ranar da ya faɗi yake faɗuwa ba. Yana fara tafiya tun ana ganinsa tsaye, rana tana haske, mutane suna dariya. Kuma gargaɗi ba ya zuwa da girman da muke tsammani, wani lokaci daga bakin ƙaramin abu yake fitowa, ko ƙaramin mutum, a lokacin da bin sa zai sa a yi maka kallon marar hankali. Na ɗanɗani wannan kunyar na rabin yini, na san nauyinta. Yau idan aka ce in sake ɗaukarta, da gudu zan ɗauka, domin kunya ana wanke ta da yamma, amma wanda ƙasa ta rufe ba a tono shi a ba shi haƙuri.